Goyon Hamma a Hanyar Burji

Sharaɗi guda Baba ya kafa ranar da aka ɗauke ni aikin koyarwa. Hamma ne zai riƙa kai ni, shi ne zai riƙa ɗauko ni, kuma duk ranar da na faɗo daga babur, ko da ƙwarzane ne kawai, aikin ya ƙare. Yana zaune a kan tabarmarsa a gindin mangwaron gidanmu na Nukkai ya faɗi haka, a hankali, yadda yake faɗin komai. Kafin ya yi ritaya ma'aikacin lafiya ne, ya daɗe yana zagaya ƙauyuka, ya ga irin ƙafafun da hanyar burji take kawowa asibiti. Ban yi masa musu ba. Murna ta cika mini ciki har ba ta bar wurin musu ba.

Hamma wana ne, ciki ɗaya, shi nake bi. Tare muka nemi aikin. Ya riga ni gama karatu, kuma nasa digiri ne, nawa takardar malanta ce ta kwaleji. Sunana ya fito, nasa bai fito ba. Da Baba ya gama magana, Hamma ya ce "to," ya tashi ya shige ɗaki. A lokacin ban ji komai a cikin "to" ɗin nan ba.

Makarantar firamare ce a wani ƙauye da ke cikin duwatsu. Kafin a kai Sunkani ake sauka daga kwalta a karya hagu, daga nan sai jar ƙasa da tsakuwa har ƙofar aji. Mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Da yake ba a barin babura su yi yawo a cikin gari, a gidan wani abokinsa da ke hayin gada Hamma yake ajiye nasa. Kullum da sassafe mu taka zuwa can, shi a gaba, ni a baya rungume da jakata.

Dada, mahaifiyarmu, ita ma ta kafa nata sharaɗin.

"Zaman gefe za ki yi," in ji ta. "Ƙafafu biyu a haɗe. Kada in ji an ce an ga 'yata ta raba ƙafa a kan babur kamar mai zuwa saro doya."

Haka nake zama, fuskata na duban hagu, hannu ɗaya a kan jaka, ɗaya riƙe da ƙarfen kariya, inda ake ɗaure kaya a bayan babur. Zaman yana da wuya, amma ya ba ni rabin duniya kyauta. Da safe nakan kalli gefe guda na hanya, da yamma in kalli ɗayan. Na san duwatsun nan kamar fuskokin maƙwabta. Akwai wani mai kama da tsohuwa ta durƙusa tana hura wuta, akwai wanda hazon safiya yake kwana a wuyansa. Kunyoyin doya jere a gonaki, kowace da 'yar hular ciyawa a kanta, balbelu suna bin shanu kamar an zubar da farin ƙyalle. Nakan haɗa kalmomi a raina in riƙe su har mu isa, wasu su zube a hanya.

'Yan aji uku aka ba ni. Yara ne masu Mumuyanci a gida, wasu Fulatanci, Hausa kuma ita ce tsakar gidan da muke haɗuwa. Da na zo, yawancinsu ba sa bambance harafi da ɗan'uwansa. Kafin ruwan farko ya sauka sun fara haɗa baƙi da wasali, suna jan sautin da ƙarfi kamar masu jan guga daga rijiya mai zurfi. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so ajin nan ba. Hamma ya san haka.

A makon farko yana yi mini magana sama-sama. Abin ya lalace ne a teburin mai shayi da ke kusa da inda muke ɗaukar babur, inda abokansa suke zama.

"A'a, ga direban Malama!" in ji ɗaya.

"Acaɓa! Akwai wuri? Ni ma Sunkani za ni."

"Ku bar shi, jama'a. Digiri na tuƙi, ƙaramar takarda na hutawa a baya. Ka riƙe ta da kyau fa, kayan gwamnati ka ɗauko."

Hamma ya yi dariya tare da su, har ya jefi ɗaya da bawon ƙwai. Amma da ya buga babur ya tashi, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Daga ranar bai sake ce mini uffan ba. Idan na makara wajen shiri, Dada yake gaya wa, ina tsaye a gabansa.

"Dada, ki ce wa 'yarki idan ba ta fito ba zan koma in kwanta."

"Ba ga ta nan ba? Bakinka ciwo yake?"

Sai ya juya ya fita.

Gaba a cikin gida abu ne mai sauƙi, kowa ya bi ta ƙofarsa. Gaba a kan babur daban take. Mutum biyu a kan kujera ɗaya, ƙanshin sabulunsa a hancina, gefen mayafina yana taɓa bayansa, amma tsakaninmu kamar Jalingo da Lau. Na daina bari kafaɗata ta taɓa shi. Ƙarfen kariya na riƙe har tafin hannuna ya yi kanta.

Hanyar kuwa ba ta da tausayi. Akwai dogon wuri da ƙasa ta yi gargada, layi-layi kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani. Idan muka hau shi haƙorana har haɗuwa suke yi, ganina ya rarrabu, duwatsuna su zama biyu-biyu. Akwai ramuka da babur yake faɗawa in ji bugun tun daga ƙugu har tsakar kai. Akwai duwatsun da suka leƙo daga ƙasa, taya ta dake su in yi sama in dawo. Nakan isa makaranta bayana a ƙage, in tsaya jikin bango in numfasa kafin in shiga aji. Duk wannan hanya na ɗora wa laifi. Na ɗauka haka take ga kowa.

Wanda na san da gangan yake yi shi ne na rafi. A tsakiyar tafiyar akwai wani rafi mai faɗin yashi, ruwansa iyakar idon sawu sai in an yi ruwan sama. Al'adar wurin, fasinja ya sauka ya taka, mai babur ya ratsa yana dogara ƙafa, ya jira a hayi. Kowane mai babur a bakin gaɓa yake tsayawa. Hamma ya fara tsayawa gaba kaɗan. Bayan kwana biyu ya ƙara gaba. Sannu a hankali sai da ya zama ina hango shi can kan tudu, ƙarami kamar ƙuda, yana danna waya, ni kuma ina hawa da takalmi a hannu da yashi a tsakanin yatsu.

Wata safiya wata mata ɗauke da kwanon doya ta jero da ni. Daga ƙauyen take, ɗiyarta tana ajina, Hausarta ba ta raba namiji da mace.

"Malama, mijinka ne wancan?"

"Wana ne."

"Wanka? Uwa ɗaya?"

"Uwa ɗaya."

Ta tsaya ta gyara gammo, ta dubi tudun, ta dube ni.

"To me ka yi masa?"

"Aiki na samu."

Ta yi dariya har doyar kanta tana rawa. "Ai ko miji ba ya yin haka. Miji yana tsoron a hana shi tuwo."

Na taya ta dariya, amma da na isa kan tudun na hau ba tare da na dubi fuskarsa ba.

Na gane abin da yake so. So yake in kai ƙara. Da na ce wa Baba hanya tana wahalar da ni, ko Hamma yana wahalar da ni, amsar guda ce: to ki zauna a gida. Kowace yamma idan muka shigo, Baba yakan rage muryar rediyo ya ce, "Ya hanya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, Baba." Ina faɗa ina jin Hamma a bayana yana cire takalmi. Wannan "lafiya lau" ita kaɗai ce makamina, kuma na iya riƙe ta. Nakan faɗe ta da murmushi, wani lokaci har in ƙara da labarin balbelu.

Sau ɗaya na nemi sulhu. Damina ta kankama, muna dawowa, hadari ya sauko ya zauna a kan dutsen tsohuwar nan, rana kuma ta huda shi ta ƙasa, komai ya zama ruwan zuma. Abin ya fi ƙarfin in gani ni kaɗai. Na manta da komai na ce, "Hamma, dubi can!" Muna yara shi yake nuna mini irin waɗannan abubuwa, shi ya koya mini sunayen tsuntsaye. Bai juya ba. Ya murɗa totur, ƙarar inji ta haɗiye sauran maganata. Na rufe bakina. Ban sake ba.

Wajen ƙarshen damina aka zo gyaran hanya. A ranakun hutun mako aka yi aikin, ba mu sani ba. Gireda ta kankare gangaren da yake sauka zuwa kwalbati, tifofi suka zuba sabuwar tsakuwa, aka baza ta aka tafi ba a danne ba. Wanda bai san babur ba zai ce an yi abin kirki. Masu babur kuwa sun fi tsoron sabuwar tsakuwa a kan tsohon rami, domin rami yana zaune wuri ɗaya, tsakuwa kuwa guduwa take yi a ƙarƙashin taya. Mai zaman gefe a kanta kaya ne da aka ɗaure a ɓangare guda. Shi ya sa a irin wurin ake tsayawa tun daga sama, mace ta sauka ta taka, ko ta gyara ta raba ƙafa.

Ranar Litinin tun daga nesa na hango launin hanya ya sauya, ja ya koma fari-fari. A saman gangaren babura sun tsaya, mata suna sauka, wata tana tattare zani. Wani dattijo a tsaye a gefe yana yi wa masu zuwa alama da hannu, yana dannawa ƙasa, a rage gudu. Na ga duk wannan sarai, da sauran tazara mai yawa. Na haɗiye gabar, na matso da bakina kusa da kunnensa.

"Hamma, tsaya in gyara zama."

Idonsa ya zo cikin madubi. Ya sami nawa, ya tsaya a kai. Na sake cewa, da ƙarfi, "Hamma, tsaya!"

Ya murɗa totur.

Ƙarar tsakuwa a jikin ƙarfe kamar ruwan sama a kan kwano, ita na fara ji. Sai tayar baya ta fara iyo, ta yi dama, ta yi hagu. Na ga ƙafarsa ta sauka tana neman ƙasa. Nauyina duka yana gefe guda, babur ya bi nauyin. Muka kwanta ta hagu, ƙafafuna a ƙasa, muka ja a kan tsakuwa kamar buhun da ake ja. Abin mamaki, sararin sama na tuna. Shuɗi ne tas ranar, da wata shirwa guda tana shawagi, ba ruwanta.

Mutane suka sheƙo. Hamma ya miƙe, ba abin da ya same shi sai guiwar wando da ta yage. Ya ɗaga babur daga kaina, wannan dole ne. Amma da ya kafe shi, sai ya sunkuya yana duba fitilar gefe da ta fashe, yana shafa tanki. Matan da suka sauka ɗazu su suka ɗaga ni zaune. Wandon da nake sawa a ƙarƙashin zani ya yage tun daga guiwa, fatar ƙaurina ta hagu ta tafi, tsakuwa ƙanana sun shige cikin naman sun zauna. Jini bai ma fara zuba ba, wurin fari ne, sai daga baya ya tsattsafo.

Dattijon ya iso yana haki.

"Kai yaro, ba ka ga hannuna ba?"

"Baba, ai a kan tsakuwa ba a taka birki."

"A kan tsakuwa ka ce. Kafin tsakuwa fa? Filin da ke nan har a yi sallar idi a cikinsa."

Hamma ya juya masa baya. Ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe mini fuska. Maganar farko da ya yi mini tun bazara ita ce, "Tashi mu koma gida."

"Na ce ka tsaya."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Na ga idonka."

"Iska ce. Wa yake jin magana a kan babur?"

"Dā kana ji. Dā ko tari na yi kana ji."

"Ke dai tashi. Kin ishe ni da iyayi, Malama."

Yadda ya ja "Malama" ɗin, irin na teburin mai shayi ne. Ni ba mai faɗa ba ce, ko a makaranta idan aka zage ni kuka nake yi. Ranar ban yi kuka ba.

"Makaranta za ni," na ce.

"Da wannan ƙafar?"

"Da ita."

"To taka."

Na dafa kafaɗar wata mata na miƙe. Na ɗauki jakata, na kakkaɓe ta, na fara gangarawa ina jan ƙafa, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashina. Matan suka yi ca a kansa, da Hausa, da Mumuyanci, wata da Fulatanci, wanda ya fi shiga domin yana jin sa. Har na wuce kwalbati kafin in ji ƙarar babur a bayana. Ya tsaya a gefena yana kallon gaba.

"Hau."

Na tattare zanina na raba ƙafa na hau, a gaban kowa.

A makaranta malamar aji ɗaya ce ta karɓe ni, wata babbar mace mai waƙar coci a baki kullum, wadda take kirana 'yarta da Hausarta irin ta ƙauyen. Ta sa aka tafasa ruwa, ta zuba gishiri, ta ƙona bakin allura, ta zaunar da ni a bayan ofis ta ɗora ƙafata a cinyarta. Ɗaya bayan ɗaya take ciro tsakuwar tana jefawa cikin murfin kwano, kowace da 'yar ƙararta.

"Yi kuka, 'yata. Ba wanda yana gani."

"Ba zan yi ba, Mama."

"Taurin kai. Wanda ya kayar da kai, yana ina?"

"Ya tafi."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta ci gaba da waƙarta a ciki-ciki. Ta naɗe ƙafar da tsohon ɗankwali mai tsabta. Ranar a zaune na koyar. Muna kan haruffan da suke tafiya biyu-biyu, sh da ts, amma idanun yaran suna kan ƙafata. Ba mu gama ba aka tashi. Na ce musu gobe za mu ƙarasa.

Da na fito, Hamma yana cikin harabar makaranta, a bakin ajina. Bai taɓa shigowa ba, can bakin hanya yake tsayawa ya yi hon. Na jira yaran suka watse, na matsa kusa da shi. Abin da ban taɓa zaton zan yi ba shi na yi, na roƙe shi.

"Hamma, don Allah kada ka gaya wa Baba. Zan sa doguwar riga. Zan daure in taka daidai. Ba zan ce ka ji ni ba, ba zan ce komai ba har abada. Don Allah."

Ya dubi ɗankwalin da ke ƙafata, inda jini ya ɓullo ya bushe. Ya daɗe yana kallo.

"Hau mu tafi, hadari na haɗuwa."

Wannan komawar ita ce abin da har yau ban iya ajiyewa ba.

Babur ya tashi kamar an ɗora shi a kan ruwa. Na ƙanƙame kariya ina jiran bugun farko, bai zo ba. Ashe a gefen gargadar nan akwai wata siririyar hanya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, wadda tayoyi suka lallashe ta yi sumul. Hamma ya hau ta ya bi kamar zare a cikin allura. Ramin da kullum muke faɗawa, ya kauce masa da ɗan karkata kafaɗa. Duwatsun da suke jefa ni sama, ya bi ta tsakaninsu bai ko duba ba. Yana sauya giya kafin hawa, yana sassautawa kafin kwana, ba fizga, ba tsalle. Ya san kowane taku na hanyar nan. Ya san ta fiye da yadda na san duwatsuna.

A gangaren sabuwar tsakuwa ya tsaya tun daga ƙasa, na sauka, ya tura babur da hannu yana tafiya daidai da jan ƙafata. A rafi ya ce, "Zauna, kada ruwa ya taɓa ciwon." Ya haura sama kaɗan inda yashi ya yi tauri, ya ratsa da ni a kai, ko ɗigo bai fallatso ba.

Da farko daɗi na ji, irin daɗin da jiki yake ji ba tare da ya nemi izini ba. Iska mai ƙanshin ruwa, dawa ta yi kai tana rausaya, duwatsu a tsaye cak, guda-guda, ban taɓa ganinsu ba sa rawa ba. Sai wani sanyi ya biyo baya, ya fara daga ciki. Ashe haka hanyar take. Ashe duk safiyar da na jingina da bango ina jiran bayana ya saki, duk daren da na kwanta rub da ciki, ba hanya ba ce. Zaɓa yake yi. Kowane rami sai da ya gan shi, ya san yadda ake kauce masa, sannan ya shiga da ni. Na dubi ƙeyarsa, da ɗan tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga mangwaro yana tsinko mini, na ji ban san mutumin da ya goyo ni ba.

Duk da haka na sa rai. Na ce a raina wannan lallaɓawar ita ce ban-haƙurinsa, tunda bakinsa ba ya iyawa. Da muka ajiye babur ya karɓi jakata ya rataya. Abokansa suka fara, "Direba, yau har da dako?" Ya yi musu wani kallo suka yi shiru. Muka haye gada a jere, yana rage tafiya saboda ni. A ƙofar gida na tsaya na saki zanina har ƙasa, na cije, na gwada taku biyu. Ya gani. Ya matsa gefe ya ba ni hanya.

La'asar ta yi sanyi. Baba yana kan tabarma, Dada tana tankaɗe a ƙofar kicin. Na yi sallama na shiga ina taka ƙafar kamar ba tawa ba. Baba ya rage rediyo.

"Ya hanya?"

"Lafiya l..."

"Mun faɗi, Baba," in ji Hamma daga bayana. "A gangaren kwalbati. Ki nuna masa ƙafar."

Muryarsa a natse, har da ladabi. Ya durƙusa ya ajiye jakata, ya zaro makullin babur daga aljihu ya ɗora a bakin tabarma, tun ba a tambaye shi ba.

Dada ta saki rariya tana salati. Baba ya ce in zauna. Da kansa ya warware ɗankwalin, a hankali, da hannun da ya saba. Ya daɗe yana duban ciwon. Ya ce a kawo masa akwatin magani.

"Baba, ƙwarzane ne," na ce. "Na koyar a haka. Ba abin da ya hana ni."

"Na gani."

"Baba, na ce ya tsaya. Sau biyu na faɗa. Akwai mutane, a tambaye su. Ya ji ni."

"Wallahi iska ce," in ji Hamma, kansa a ƙasa.

"Ƙarya kake yi!"

"Ke!" in ji Dada. "Wanki ne fa."

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya dubi Hamma, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba, har sai da Hamma ya ƙara sunkuyawa. Na tabbata ya gane. Sannan ya juyo gare ni.

"Idan bai ji ba, hanyar ta fi ƙarfinsa. Idan ya ji, to ba zan sake ɗora ki a bayansa ba. Wanne kike so in ɗauka?"

"A samo wani ya riƙa kai ni."

"Ɗana ma ya kawo mini ke a haka, bare ɗan wani?"

"Yarana fa, Baba? Ba mu gama ba."

"Allah zai ba su wani malamin. Ni ba wanda zai ba ni wata ƙafar in sa miki." Ya jiƙa auduga. "Riƙe nan. Zai yi zafi."

Ya yi zafi. A nan ne na yi kukan da malamar aji ɗaya ta ce in yi.

Daga baya na sami wata makaranta a cikin gari, wadda keke napep yake kai ni har ƙofa, a kan kwalta, ba abin kallo sai shaguna. Ajina na ƙauye aka haɗa shi da aji huɗu. Hamma kuwa bakinsa ya buɗe tun a makon. Yana gaishe ni, yana kawo mini lemo, yana tambaya ko ciwon yana ƙaiƙayi. Yanzu a gidanmu ni ce mai riƙo. Dada takan ce, "Yarinya shiru-shiru, ashe zuciyarki dutse ce." Ina amsa gaisuwarsa. Lemon nakan ba yaran maƙwabta.

Amma washegarin faɗuwar ita ta fi zauna mini. Na farka a lokacin da na saba, na yi salla a zaune, na sa kayan makaranta har da mayafi kafin in tuna. Sai na zauna a bakin gado da jaka a cinya. Gari yana wayewa, ina jin motoci suna haye gada suna yin kudu. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Hamma. Ta cikinsa nake jin numfashinsa, dogo, mai nauyi, ba ko juyi. Rana ta fito ta hau katanga, ta sauko tsakar gida, yana ta barcinsa.